Iskar Hamada da Masu Asma: Misalin Birnin Finiks

Tun daga ƙarshen ƙarni na 19, likitocin Amurka suka riƙa tura masu tarin fuka da masu asma zuwa Arizona, bisa zaton cewa busasshiyar iskar hamada magani ce. Jama'a suka yi ta ƙaura zuwa Finiks da Tusan.

To, amma baƙo ba ya jure zama babu inuwa. Sai suka dasa zaitun da malberi, suka shimfiɗa ciyawar ƙiri-ƙiri a ƙofar gidajensu. Garin furen waɗannan tsirrai, wanda iska ke kwasa, shi ke sa jiki ya yi bore: atishawa, ƙaiƙayin ido, toshewar hanci, har numfashi ya sarƙe. Da yake ruwan sama bai cika sauka ya wanke sararin ba, garin yakan daɗe yana yawo. Abin da aka gudo wa ke nan aka shuka da hannu. A shekarun 1980 hukumomin yankin suka hana dasa nau'in itatuwan biyu masu zubar da garin.

Ga kuma guguwar ƙura, irin wadda ta lulluɓe Finiks ranar 5 ga Yuli, 2011. Mutanen garin na kiranta habub, kalmar da aka aro daga Larabcin Sudan.