Gangar Jirgin Ruwa na Dakon Kaya: Yadda Ake Haɗa Ƙarfi da Yalwar Ciki

Duk wanda ya taɓa shiga soron wani babban gida a Kano ko Zariya ya ɗaga kai ya dubi rufi, ya ga wata matsala da maginanmu suka daɗe da warwarewa. Maigida yana son ɗaki mai faɗi, ba ya son ginshiƙi a tsakiya yana tare wa baƙi wuri. Ita kuwa azara gajeruwa ce, in aka ɗora ta a kan faɗin da ya fi ƙarfinta sai ta lotsa. Daga nan aka sami dabarar bakan gizo da ɗaurin guga, watau a bi da nauyin rufi ta jikin bango har ya sauka ƙasa, a bar tsakiyar ɗaki fayau. Irin wannan matsala ce ke gaban mai tsara jirgin ruwa na dakon kaya, sai dai tasa ta fi tsanani, domin nasa ginin ba a kan ƙasa yake zaune ba.

A wannan maƙala zan kira jikin jirgin baki ɗaya da sunan ganga, ɗakunan da ake zuba kaya kuwa in kira su rumbuna, ƙofar da ake zuba kayan ta sama ita ce bakin rumbu, farantin da ya rufe jirgin ta sama kuma shi ne bene.

Abin da ruwa yake yi wa jirgi

Nauyin jirgi yana danna shi ƙasa, ruwa kuma yana tura shi sama, idan an haɗa jimilla su biyun daidai suke, shi ya sa ba ya nitsewa. Amma daidaiton nan na jimilla ne kurum. Idan aka bi jirgin gaɓa gaɓa, a wani wuri nauyi ne ya rinjaya, kamar ɗakin inji, a wani wuri kuma turin ruwa ne ya rinjaya, kamar rumbun da babu kaya a ciki. Saboda haka ko a tasha yake, ruwa kwance, gangarsa tana ɗan lanƙwashe.

A tsakiyar teku abin ya fi haka muni, musamman idan tsawon raƙumin ruwa ya zo kusan daidai da tsawon jirgin. In tozon raƙumin ya zo tsakiyar jirgi, sai tsakiyar ta ɗago, goshi da wutsiya su rataya, jirgi ya yi doro. A wannan hali bene ake ja kamar za a tsinka shi, gindi kuma ana matse shi. Bayan 'yan daƙiƙoƙi raƙumin ya wuce, tozo biyu sun ɗauki goshi da wutsiya, tsakiya ta faɗa kwari, jirgi ya gantsare: yanzu gindi ake ja, bene ake matsewa. Haka abin yake maimaituwa dare da rana, sau miliyoyi a cikin shekaru ashirin ko talatin na rayuwar jirgi. Kowa ya san yadda ake karya waya ba da almakashi ba, lanƙwasa ta ake yi ta yi har ta gaji. Ƙarfen jirgi ma yana gajiya.

Injiniyoyi suna ɗaukar ganga a matsayin doguwar sanda guda mai kogo. Alal misali, katakon da aka kwantar a kan duwatsu biyu yakan lotsa da an taka shi, amma in aka kafa shi a kan gefensa sai ya ɗauki mutum uku. Dalili shi ne sashen da ya fi nisa da tsakiya, sama da ƙasa, shi ya fi ɗaukar wahalar lanƙwasa. A jirgi waɗannan sassa su ne gindi da bene. To ga inda gizo yake saƙar: benen nan da ƙarfin jirgi ya rataya a kansa, shi ne kuma mai jirgi yake so a huda masa manyan ƙofofi don kaya su shiga su fita da sauri, tun da kowace rana da jirgi ya yi a tasha asara ce gare shi.

Haƙarƙari: a gicciye ko a tsawo

Farantin ƙarfe shi kaɗai ba ya jure matsi, sai ya tanƙware kamar gwangwanin da aka taka. Dole a ɗaure shi da sandunan ƙarfe ta ciki. Maƙeran jiragen ƙarfe na farko sun gaji tsarin jiragen katako: ƙashin baya guda daga goshi zuwa wutsiya, da haƙarƙari a gicciye kusa da kusa. Wannan tsari yana da kyau ga rumbu, domin haƙarƙarin ba sa kutsowa ciki sosai, sai dai ba sa taimaka wa jirgi wajen doro da gantsarewa, tun da ba ta tsawo suka bi ba. Ban da haka, ana kafa ginshiƙai a cikin rumbu su tallafi bene, ana kuma raba rumbun hawa hawa. Irin waɗannan jirage ne suka riƙa kwasar buhunan gyaɗar Kano daga Apapa zuwa Turai, kuma tsarin bai dami kowa ba a lokacin, domin buhu yana shiga kowane lungu.

Tun a 1858 Brunel ya nuna wata hanya da jirginsa Great Eastern, mai tsawon mita 211, wanda ya yi wa ganga biyu, wata cikin wata, da sanduna masu bin tsawo a tsakaninsu. A 1862 jirgin ya gogi dutse kusa da gaɓar Amurka, fatar waje ta yage fiye da ƙafa 80, amma ta ciki ta riƙe, ya isa Niu Yok da kansa. Daga baya Joseph Isherwood ya yi rajistar tsarinsa a 1906, inda sanduna masu yawa suke bin tsawon jirgi, wasu manyan zobba masu zurfi kuma suke riƙe su nesa nesa. Tsarin ya ba da ƙarfi da ƙarfe kaɗan, amma zobban suna cin wuri a rumbu. Ga tankar mai wannan ba komai ba ne, mai yana kewaye duk abin da ya tarar. Ga mai ɗaukar akwatuna da katako kuwa cikas ne. Sulhun da aka yi, wanda har yau ake gani a jirage da yawa, shi ne a bi tsawo a gindi da bene, a bi gicciye a gefuna. Gindin kuma a yi shi ruɓi biyu, a riƙa zuba ruwan daidaita nauyi ko man jirgi a tsakani. Katangun ƙarfe da suke raba rumbu da rumbu suna aiki irin na gaɓar gora: suna hana ganga lauyewa, suna kuma tsare ruwa a rumbu ɗaya in an sami huda.

Kusurwar bakin rumbu

Darasin da ya fi kowanne tsada an koye shi ne a Yaƙin Duniya na Biyu. Tsakanin 1941 da 1945 Amurka ta ƙera jiragen kaya 2,710 da ake kira Liberty, kuma don sauri aka haɗa su da walda maimakon ɗinkin ƙusa. Ba a daɗe ba aka fara ganin tsagewa a jikinsu, wasu kaɗan ma suka rabe biyu. A Janairun 1943 wata sabuwar tanka mai suna Schenectady, ita ma ta walda, ta karye tana ɗaure a tasha a Portland, ruwa kwance, babu iska. Da farko an ɗora laifi a kan masu walda. Constance Tipper ta Jami'ar Kambirij ta nuna cewa shi kansa ƙarfen ne yake yin gautsi idan sanyi ya kai wani mizani, ya fashe kamar tangaran maimakon ya lanƙwashe. An kuma lura cewa tsaga da yawa daga kusurwar bakin rumbu suke farawa, domin an yanke kusurwar tsaf kamar ta allo, wahala kuwa a irin wannan lungu take taruwa, kamar yadda riga take fara yagewa daga bakin aljihu. A jirgin ƙusa, tsaga takan tsaya a inda faranti ya ƙare. A jirgin walda kuwa ganga duka faranti guda ce, ba abin da zai tare ta. Maganin da aka yi shi ne a zagaye kusurwoyi, a ƙara musu kauri, a sa wasu layukan ƙusa masu tare tsaga, a kuma gyara haɗin ƙarfen. A ganina wannan ya isa ya nuna cewa siffar rami tana da muhimmanci kamar girmansa.

Jiragen tama da hatsi

Jirgin da ake zuba wa kaya tsaba, kamar tama da kwal da alkama, ba shi da ginshiƙi ko ɗaya a rumbu. Ƙarfinsa an tura shi kusurwoyi huɗu, inda aka gina tankuna masu gangare, biyu a sama, biyu a ƙasa. Na ƙasa suna gangaro da kaya tsakiya inda cokalin inji zai kai gare su, na sama suna rage sararin da hatsi zai zame ya karkatar da jirgi, dukkansu kuma ƙarfen ganga ne. Katangun tsakani ana yi musu ƙwarya ƙwarya irin ta kwanon rufi, don su tsaya ba tare da sanduna ba. Tama tana da nauyi ƙwarai, don haka akan cika rumbu ɗaya a tsallake ɗaya, abin da yake ɗora wa katangun wahala mai yawa.

A Satumbar 1980 jirgin Ingila Derbyshire ya nitse a kudancin Japan cikin guguwa, ɗauke da tama, mutum 44 suka halaka, ko kiran neman agaji ba a ji ba. Sai a 1994 aka gano gawarsa a ƙarƙashin teku. Binciken da aka kammala a 2000 ya nuna ruwa ya fara shiga ta bututun iska na goshi, goshin ya yi ƙasa, raƙuman ruwa suka riƙa faɗa wa murfin rumbu na farko har ya rufta, sauran suka bi. Yawan nitsewar irin waɗannan jirage ya sa aka ƙara babi na 12 a yarjejeniyar kiyaye rayuka a teku a 1997, wanda ya bukaci jirgi ya iya jure cikar rumbu da ruwa.

Jirgin da kusan ba shi da bene

Tun da Malcom McLean ya ɗora kwantena 58 a kan jirgin Ideal X a 1956, bukatar buɗaɗɗen rumbu ta kai iyaka. Kwantena daga sama ake zura ta kai tsaye, ba a jan ta gefe, don haka bakin rumbu ya cinye kusan dukan faɗin jirgi, abin da ya rage na bene siririn zirin ne a kowane gefe. Mai karatu ya ɗauki kwalin takalmi da murfinsa ya gwada murɗa shi, zai ji ya ƙi. Ya cire murfin ya sake gwadawa, zai ga ya murɗe nan take. Haka raƙumin ruwan da ya zo a karkace yake yi wa jirgin kwantena. Dabarar ita ce a yi gefuna ruɓi biyu, a gina dogon akwatin ƙarfe rufaffe a saman kowane gefe daga goshi zuwa wutsiya, da faranti mai kaurin da kan kai santimita 8 ko fiye. Manyan jiragen yau masu tsawon mita 400 a kan waɗannan akwatuna biyu suka dogara.

Akwai kuma wata illa. Goshi da wutsiyar jirgin kwantena sirara ne don gudu, turin ruwa a can kaɗan ne, ga shi ana jibga musu kaya, saboda haka kusan kullum a doro yake tafiya, gindinsa a matse. A Yunin 2013 jirgin MOL Comfort, mai shekara biyar kacal da ƙerawa, ya karye biyu a Tekun Indiya. An ceci ma'aikatansa 26, amma ɓangarorin biyu sun nitse ɗaya bayan ɗaya da dubban kwantenoni. Masu binciken Japan sun karkata ga cewa farantan gindi ne suka tanƙware a tsakiyar jirgi, kuma girgizar da ganga take yi idan goshi ya doki ruwa ta ƙara wa doron nauyi. Da aka duba 'yan'uwansa da aka ƙera da tsari ɗaya, an tarar da alamun lotsawa a gindin wasunsu, aka shigar da su aka ƙara musu ƙarfe.