Kada Ka Zare Mimori Kafin Turi Ya Kammala

Lokacin da hukumar NCC ta sa aka rufe layukan sadarwa a Zamfara a watan Satumban 2021, mutanen Anka da Gummi da Bukkuyum sun ga ranar masu turi. Babu intanet, amma tafsirin malamai da finafinan Hausa da na Indiya ba su daina yawo ba, daga kwamfutar shagon caji zuwa mimorin waya. Sana'ar tana nan har gobe, rigimarta ma ba ta canja ba: "Malam, wai turin nan ba ya gudu ne?"

Galibi mai shago ba shi da laifi. Finafinan duka suna cikin rumbu ɗaya a kwamfutarsa, ranar kasuwa kuma sai ka tarar ya jona wayoyi biyar ko shida a mahaɗa guda. Tsohuwar mahaɗar USB 2.0, wadda ta fito tun shekarar 2000, da ƙyar take kai megabait 40 a daƙiƙa, shi ne kuma duk wayoyin za su raba. Rijiya ɗaya ce guga ya yi mata yawa.

Sai shi mimorin. Duba jikinsa, akwai 'yar lamba cikin harafin C. Mai lamba 10 yana karɓar aƙalla megabait 10 a daƙiƙa, wato fim mai giga 2 zai iya cin minti uku da ɗoriya. Mai lamba 4 zai iya haura minti takwas. Idan fayil ɗaya ya kai giga 4, yawancin mimori masu giga 32 zuwa ƙasa ba za su karɓe shi ba ko da wuri fal, saboda tsarin FAT32 da suke zuwa da shi. Ana iya mayar da su exFAT, amma hakan yana goge komai, sai a kwashe kaya tukuna.

Inda mutane ke yin asara shi ne gaggawa. Turi yakan fara da gudu sannan ya koma tafiyar hawainiya, domin kwamfuta tana fara tara bayanan a ma'ajiyar wucin gadi kafin su zauna cikin mimori. Mai mota yana ta oda, kai kuma ka fizge kebul. Ka isa gida fim ya tsaya a rabi, ko waya ta ce sai an wanke mimorin gaba ɗaya, hotunan biki da na suna su bi ruwa. Ka bari mai shago ya sallami mimorin daga kwamfuta kafin ya zare.

A yi hattara kuma da jabu. An rubuta giga 64, cikinsa bai fi 8 ba, kuma zai nuna ya karɓi komai alhali abin da ya haura ya lalace. Araha fiye da kima alama ce. Sabon mimori a cika shi tun a shagon, a buɗe fim na farko da na tsakiya da na ƙarshe, a ga kowanne ya yi, sannan a biya kuɗi.