Diddigar Gahawa: Taki Ce Ko Guba?

Asalin itaciyar gahawa, wato kofi, daga tsaunukan ƙasar Habasha take, amma a yau Brazil ce kan gaba wajen nomanta. A Nijeriya ma ana shuka ta a tsaunin Mambila da ke Jihar Taraba. Idan aka niƙa 'ya'yanta aka tafasa aka tace, akan bar wata baƙar diddiga wadda galibi juji ne makomarta. Kofin gwangwani mai narkewa a ruwan zafi ba ya barin irin wannan diddiga, saboda haka ba shi muke nufi ba. Shin me ke cikin diddigar nan, kuma yaya za a ci moriyarta?

Bincike ya nuna cewa kimanin kashi 2 cikin 100 na nauyin busasshiyar diddiga sinadarin naitirojin ne, wanda shi ke sa ganye ya yi kore shar. Sai dai saiwar tsiro ba ta iya shansa kai tsaye, domin a ɗaure yake cikin furotin. Dole sai bakteriya da fumfuna sun ruɓar da diddigar tukuna, kuma wannan aiki yakan ɗauki watanni. Haka kuma, mutane da yawa sun ɗauka diddigar tana da tsami ƙwarai. Ba haka ba ne, gama mafi yawan tsamin yakan bi ruwan da aka sha. Abin da ya rage yakan tsaya wajen 6.5 zuwa 6.8 a ma'aunin pH, dab da tsaka-tsaki.

To, ina haɗarin yake? Akwai sauran sinadarin kafeyin a ciki, irin wanda ke hana mai cin goro barci. Masanin nan na Jamus, Friedlieb Runge, shi ya fara ware shi a shekarar 1819. Itaciya ba don mu take yin kafeyin ba. Makaminta ne na korar ƙwari da danne tsirran da ke neman fitowa a gindinta. A shekarar 2016 masu bincike a Jami'ar Melbourne ta Ostareliya suka gauraya ɗanyar diddiga da ƙasa, suka shuka tsirrai iri biyar, dukkansu kuwa girmansu ya ragu. Ban da wannan, idan aka shimfiɗa ta da kauri ta bushe, takan yi ɓawo mai hana ruwa ratsawa.

Hanyar da ta dace ita ce a zuba ta a ramin taki tare da busassun ganyaye da yankakken kara da kashin dabbobi, kada ta wuce kashi ɗaya cikin biyar na dukan tarin. A riƙa yayyafa ruwa ana juyawa har sai ya yi baƙi, ya soma ƙamshin ƙasa. Irin wannan taki yana taimaka wa jigawa ta riƙe damshi, abin da ƙasarmu ta Arewa ke matuƙar bukata. Haka nan za a iya yi da ganyen shayin da masu shayi ke zubarwa kullum.

A cikin gida kuwa, busasshiyar diddiga a buɗaɗɗen kofi tana rage wari a firji, tana kuma kankare ƙanzon tukunya. Amma kada a zuba ta a bututun ruwa, domin takan toshe shi. A kuma nisanta ta daga karnuka, saboda kafeyin guba ne a gare su.

Ga malamai da ɗalibai, ga gwaji mai sauƙi. A samo gwangwani uku, a huda gindinsu. Na farko a sa ƙasa zalla, na biyu ƙasa da ɗanyar diddiga, na uku ƙasa da wadda ta ruɓe. A shuka wake goma-goma, a riƙa ba su ruwa daidai wa daida, a ƙirga waɗanda suka tsiro, sannan a auna tsawonsu kowane mako har wata guda. Abin da ma'auni ya nuna, shi za a rubuta, ko da ya saɓa wa abin da aka zata.