YADDA HANTA KE HAƊA SUKARI IDAN CIKI YA ZAMA WAYAM

A garin Dapchi, hedkwatar ƙaramar hukumar Bursari cikin Jihar Yobe, azumin shekarar 2025 ya faɗo ne cikin watan Maris, farkon bazara. Manomi zai yi sahur da tuwon gero, ya yini sassabe cikin rana, sa'a 13 ko fiye bai sa kome a baka ba, amma har a sha ruwa yana kan ƙafafunsa. To, daga ina ƙarfin yake fitowa?

Masana sun tabbatar cewa ƙwaƙwalwar babban mutum tana cin kamar giram 120 na sukarin jini kowace rana. Hanta kuwa tana da ɗan rumbu, inda take ajiyar kamar giram 100. Wannan ajiya ba ta wuce kwana guda. Tun kafin ta ƙare, sai hanta, tare da taimakon ƙoda, ta shiga haɗa sabon sukari daga abubuwa uku waɗanda ba hatsi ba ne: tsamin da tsoka ke fitarwa lokacin aikin ƙarfi, da wani ɗan sashe na kitse, da kuma naman jikin mutum kansa. Wani likita Bafaranshe, Claude Bernard, shi ya gano cikin 1848 cewa akwai sukari a hantar karnukan da nama kaɗai ake ba su.

Makiyayan Gashuwa da Nguru su ma abin ya shafe su. Saniya da tunkiya da akuya kusan dukkan sukarin jininsu hanta ce ke haɗa shi, daga abin da ciyawa ke zama cikin tumbi. Shi ya sa tunkiya mai cikin tagwaye, idan kiwo ya yi ƙaranci da rani, takan kwanta ta kasa tashi.

Amma wannan baiwa tana da iyaka. Azumin yini ɗaya ba ya cutar da mai lafiya, domin buɗa-baki yana cika rumbun. Yunwa mai tsawo kuwa, irin ta tsakiyar damina sa'ad da rumbuna suka yi ƙasa, tana sa jiki ya riƙa cin tsokarsa. Ita ce ramar da ake gani a damtsen yara. Yaro mai tamowa ko zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, sukarinsa yana iya faɗuwa farat ɗaya, ya suma. Irin wannan yaro a yi maza a kai shi asibiti, kada a jira gari ya waye.

Mai ciwon sukari kuma, hantarsa takan ci gaba da haɗa sukari alhali jini ya riga ya cika da shi. Don haka sukarinsa yakan hau da safe ko da bai ci kome ba. Maganin nan metformin aikinsa ke nan, rage wannan haɗi. Saboda haka ya kamata mai wannan ciwo ya ga likita tun cikin watan Sha'aban, kafin ya ɗauki azumi.