Dokar Majalisa ta 1911

Dokar Majalisa ta 1911 doka ce ta Birtaniya wadda ta rage ikon Majalisar Dattawa a kan ƙudurorin haraji da kashe kuɗin gwamnati.

Asali

A 1909 ministan kuɗi David Lloyd George ya gabatar da kasafi mai ƙara wa attajirai da masu filaye haraji, domin biyan fanshon tsofaffi da ƙera jiragen ruwan yaƙi. Dattawan, waɗanda akasarinsu gadon kujera suka yi, suka yi watsi da kasafin. An kafa dokar bayan zaɓuɓɓuka biyu a 1910.

Tanadi

Muddin kakakin Majalisar Wakilai ya tabbatar cewa ƙuduri na kuɗi ne zalla, Dattawa ba su da ikon riƙe shi fiye da wata ɗaya.