Ɗigon da Ke Tona Asirin Maganin Jabu

Masu haɗa maganin jabu sun gwanance wajen kwaikwayon kwali da tambari, har tsohon mai kemis ma sai su ruɗe shi. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a ƙasashe masu tasowa, kusan ɗaya cikin kowane magani goma jabu ne ko marar inganci, kuma maganin zazzaɓin cizon sauro na sahun gaba. Uwa ta ba ɗanta ƙwaya da zuciya ɗaya, ashe alli ta ba shi.

Akwai dabara mai arha ta gano gaskiyar ƙwaya, wadda masana sinadarai ke kira TLC. Wasu masana biyu, Izmailov da Shraiber, su ne suka fara ta a birnin Kharkov a 1938, Bajamushe Egon Stahl kuma ya daidaita ta a shekarun 1950.

Ana niƙa ƙwayar a narkar da ita, a ɗiga kaɗan a ƙasan wani fallen gilashi ko alminiyam da aka shafe da garin silika siriri. Kusa da shi a ɗiga na maganin gaske. Sai a jingine fallen cikin kwalba mai ɗan ruwan sinadari, a rufe. Ruwan zai riƙa hawa a hankali kamar yadda kananzir ke bin lagwanin fitila, yana jan abin da aka ɗiga. Sinadarin da ya fi manne wa silika sai ya tsaya ƙasa, wanda ya fi bin ruwa ya yi sama. Cikin 'yan mintoci an rabu.

A nan ake yanke hukunci. A haska fitilar UV, ko a turara fallen da aidin, tabbai su fito. In tabon ƙwayar ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da na gaske, girmansu ɗaya, to akwai magani. In ya dushe, an rage. In babu shi, babu magani.

Kan wannan dabara aka gina akwatin gwaji na Minilab a Jamus, wanda ake iya kaiwa har bakin iyaka. Gaskiya ba ya auna adadi daidai wa daida, wannan sai manyan na'urori. Amma ya isa ya tare mugun kaya tun kafin ya shiga kasuwa. Ya kamata gwamnatocin jihohin Najeriya su haɗa hannu da hukumar kula da abinci da magunguna, NAFDAC, kowace babbar kasuwar magani ta samu irin wannan akwati da wanda ya iya aiki da shi.