Janwe: Motar Da Ke Zuwa Daga Baya

Ranar Lahadi, idan kasuwar Ɗambatta ta fara watsewa bayan la'asar, hanyar Kano zuwa Daura cika take yi maƙil. Ga tirelolin shanu masu shirin gangarawa kudu, ga kantoci ɗauke da buhunan gero da wake, ga ƙananan motocin haya da aka danƙara wa kaya har but ya ƙi rufuwa, ga amalanke da babura kowa na neman inda zai kutsa. A irin wannan yammaci ne bel ɗin tayimin na motata ya tsinke, na ɗan wuce gari ta wajen Kazaure. Inji ya yi tsit, na gangara gefen titi da sauran gudun da ya rage. Wani mai faci da ke kusa ya duba wayarsa ya ce in kwantar da hankalina, zai kira mini mai janwe.

Kafin magariba sai ga shi a wata tsohuwar Land Cruiser akori-kura, fentinta ya koɗe, an girke mata ƙarafa biyu a baya da walda, sarƙar ɗaga inji na lilo a tsakaninsu. Dattijo ne mai furfura a gemu, da yaronsa ɗaya. Na zaci zai buɗe bonet. Ko kallonsa bai yi ba. Ya zagaya motar, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta, sannan ya ɗago.

"Malam, giyar hannu ce ko otomatik?"

Na ce otomatik ce.

"To, na kuma ga da gaba take ja. Gaban za mu ɗaga, ta bi mu da ƙafafun baya."

A hanya ne ya warware mini dalili. Giyabos ɗin otomatik yana da famfon da ke zagaya da mai a cikinsa, kuma inji ne ke juya famfon. Idan inji ya mutu aka ja motar ƙafafun da ke ja suna ƙasa, kayan ciki za su yi ta juyawa babu mai, kafin a isa gareji an ƙone abin da ya fi bel ɗin da ya tsinke tsada nesa ba kusa ba. Idan mota da baya take ja, sai a kwance farfela ko a ɗaga bayan. Ya ce motocin da 'yan taimako suka lalata da igiya sun fi waɗanda ramuka suka lalata ba shi tausayi, domin da kyakkyawar niyya aka yi ɓarnar. Mutum ya ɗaura igiya a bamba, ya manta cewa motar da injinta ba ya aiki birkinta tauri yake yi, sitiyarinta ma haka. Na gaba ya taka birki, na baya ya shige masa.

Sana'ar janwe ba a shiga ta da rana tsaka. Kusan duk wanda ka gani a kanta ya fara ne da wankin sifana a gareji, ko ya yi shekaru yana yaron mota a bayan gingimari. Sai ya san kanikanci gwargwado, ya san walda, ya san tuƙi da nauyi a baya, wanda daban yake da tuƙin mota ita kaɗai. Sannan sai haƙuri, domin ba a kiransa sai rai ya ɓaci. Wanda ya kira shi ko dai motarsa ta mutu da iyali a ciki, ko kayan mutane sun zube a kwalta, ko kuma abin ya fi haka muni, ya iske jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa a 1988, suna fitar da mutane shi kuma yana jiran a ba shi izinin janye ƙarfen daga hanya. Wajen ciniki kuma kullum sai an yi ja-in-ja, saboda mai mota tafiya ɗaya yake lissafawa, mai janwe kuwa zuwa da komawa ya sha mai. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 wannan gardama ta ƙara zafi.

Abin da ya sake mayar da ni wurin dattijon nan bayan watanni, ɗan yayana ne. Yaro ne mai son mota tun yana ƙarami, ya gama karatun injiniya, dare da rana yana kallon tseren Dakar a waya. Shi da abokansa sun sayi tsohuwar Golf suna gyara ta don tseren daji, sun cire kujerun baya, sun yi mata kejin ƙarfe a ciki. Na yi murna da hakan, domin ya fi mini wasan ganganci da mota da wasu samari ke yi a titi ranar ɗaurin aure, inda ake rasa rayuka a banza. Sai dai duk lissafinsu a kan motar tseren ya ƙare. Da na tambaye shi da me za su kai ta fili, da me kuma za su dawo da ita idan ta karye, sai ya ce ai za a samu wata mota. Na ce ya shirya, Lahadi mai zuwa za mu Ɗambatta.

Tseren da yake kallo a waya ba baƙon ƙasar Hausa ba ne. Wani Bafaranshe, Thierry Sabine, ya ɓata a hamadar Tenere a 1977 yana tseren babur daga Abidjan zuwa Nice, da aka ceto shi sai ya ƙudurta shirya tsere a wannan sahara. Ranar 26 ga Disamba 1978 motoci da babura 182 suka tashi daga Paris, suka ratsa Aljeriya, suka shigo Nijar ta Agadas har Yamai, suka bi ta Mali zuwa Dakar. Guda 74 ne kaɗai suka kai. A lura da wannan lissafi: fiye da rabi a hanya suka tsaya, kuma yawancinsu ba 'yan kamfani ba ne, masu sha'awa ne da suka haɗa motocinsu da kuɗin aljihunsu, kamar 'yan'uwan nan biyu, Claude da Bernard Marreau, da suka shiga da ƙaramar Renault 4. Shi ya sa tseren ya tanadi wata babbar mota da ke tafe a can ƙarshe, Faransawa na kiranta motar shara, aikinta ta tsinci waɗanda suka maƙale da baburansu. Daga baya manyan ƙungiyoyi suka riƙa sa manyan motoci cikin tseren kansa, ba don su ci kofi ba, sai don su bi sawun motarsu da kayan gyara da makanikai. Shekaru da dama mutanen Agadas da Dirku suna ganin wannan ayari. Daga baya matsalar tsaro ta sa aka soke tseren 2008, aka kai shi Kudancin Amurka a 2009, sannan Saudiyya daga 2020. A gida Najeriya kuma akwai tseren motoci da ake haɗawa da bikin kamun kifi na Argungu, wanda a 2020 ya tashi daga Abuja.

Da muka isa Ɗambatta, sai muka ga dattijon bai san sunan Sabine ba, amma da yaron ya gama bayani, tambayarsa ta farko ita ce nauyi. Golf ɗin ta haura tan 1. Tirelar da za a ɗora ta a kai za ta kai rabin tan ko fiye. Ga tayoyin canji, ga jarkokin mai da ruwa, ga akwatin sifanu, ga janareto da injin walda, ga mutum huɗu ko biyar. Kafin ka ankara an wuce tan 2. Yaron ya ce ai Hilux na zamani an rubuta tana jan kilo 3,500. Gaskiya ne, wasu daga cikinsu haka aka rubuta, amma sharaɗin shi ne tirelar tana da birkin kanta. Idan babu, abin da littafin motar ya yarda da shi bai wuce kilo 750 ba. Tirelolin da masu walda ke haɗawa a nan kuwa, da aksul ɗin tsohuwar mota, akasari ba su da birki ko na miskala zarratin.

"Yaro," in ji dattijon, "ja ba wuya. Ko jaki ya ja mota a kwalta. Tsayawa ita ce magana."

A nan na ga ya daɗe, kuma a nan ni ma nake ganin duk hikimar sana'ar ta taru. Mai sayen motar ja yakan tambayi ƙarfin inji, alhali abin da zai kashe shi ko ya cece shi yana ƙarƙashi: birki, shasi, sifirin, da tsawon da ke tsakanin ƙafar gaba da ta baya. Gajeriyar mota mara nauyi, komai ƙarfinta, kayan da ke bayanta ne za su riƙa tuƙa ta. Akuya ta gitta a Kwanar Dumawa ko wani ƙauye na bakin hanya, ka taka birki, tirela ta turo ka, ta naɗe ka gefe. Don haka ya fi son motar da ta fi abin da take ja nauyi, doguwa, mai shasin ƙarfe wanda za a ɗaure ƙugiyar ja a jikinsa da kusoshi. Ƙugiyar da aka liƙa a bamba da walda, a wurinsa, tarko ce.

Na biyu zafi. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin arewacin Kano ke haura digiri 40, motar da ke jan tan 2 tana aiki ne kamar mai hawa tudu tun daga Ɗambatta har inda za ta. Lagireto mai tsatsa da ke wuce gwaji a cikin gari, a nan zai tona asiri. Kuloci ma haka, musamman wajen tashi a rairayi. Shi dai ya fi natsuwa da giyar hannu da injin gas, saboda ƙarfinsa na fitowa tun inji bai yi ihu ba, kuma yana son mai giyar taimako, wadda direbobi ke kira ogzilari, domin ƙasar nan jigawa ce, da ka sauka daga kwalta sai yashi. Amma ya yarda cewa tsadar man gas ta sa wasu abokan sana'arsa sun koma fetur, kuma bai ga laifinsu ba.

Na uku, kuma wanda ya fi ba ni sha'awa, ya ce kada a sayi motar da za ta fi makanikan hanya ilimi. Motar taimako idan ta lalace ba ta da mai taimakonta. Saboda haka a nemi wadda duk wani bakanike daga nan har Kwangwalam ya taɓa kwance irinta, wadda idan aka aika yaro Ƙofar Ruwa da safe zai dawo da kayanta kafin azahar. Wata katuwar akori-kurar Amurka mai kyan gani, wadda sai an jona mata kwamfuta kafin a san ciwonta, za ta iya kwana wata guda a gindin bishiya tana jiran wani ɗan ƙarfe daga Legas. Ya tuna zamanin Fijo 504 akori-kura, wadda aka riƙa haɗawa a kamfanin Peugeot na Kaduna da ya fara aiki a 1975, ya ce da ita ya koyi ja. Na gaya masa cewa a wannan shekarar ce 504 ta lashe tseren Safari na Kenya, ta sake lashewa a 1978. Ya gyaɗa kai, bai yi mamaki ba, ya ce ai mota ce mai jin magana.

Sannan ya buɗe mana akwatin bayan motarsa. Jak biyu, ɗaya na kwalba ɗaya dogo. Katakai masu kauri na ɗora jak a yashi da na tare taya. Shebur, gatari, sandar ja ta ƙarfe, sarƙoƙi da igiyoyin ɗaure kaya, faranti biyu na ƙarfe masu huji da ake shimfiɗa wa taya idan ta nutse. Fambel, tiyon ruwa, man birki, waya, tocila, tukunyar kashe gobara, alamar nan mai kusurwa uku ta ajiyewa a titi maimakon ganyen da aka saba karyowa. Safaya biyu, kuma ya ja kunnen yaron cewa tirela ma tana son tata safayar, abin da kusan kowa ke mantawa. Komai na da mazauninsa, mai nauyi a ƙasa kuma a gaba, domin a cikin duhu hannu ne ke nema ba ido ba.

Da damuna, in ji shi, akwai inda duk wannan ba ya aiki. Idan mota ta kafe a taɓon fadama wajen madatsar ruwa ta Tomas, shiga da janwe ƙarin gawa ne. Sai ya tsaya a kan tudu ya miƙa doguwar waya, ko ya nemo tarakta, ko kuma ya je ƙauye ya roƙi mai shanun huɗa. Bijimai biyu sun sha fitar da abin da injinsa ya kasa, kuma yakan raba kuɗin aikin da mai su.

Bayan sati uku yaran suka zo da Golf ɗin a kan tirelar aro, wata tsohuwar Hilux ta haya na ja, don ya duba musu. Sun ɗora ta da baya, injin yana can ƙarshen tirela. Ya sa aka sauke, aka juya ta, injin ya koma gaba. Ya ce kusan kashi 1 cikin 10 na nauyin ya kamata ya sauka a kan ƙugiya. Idan ya gaza haka tirela za ta riƙa kaɗa wutsiya da zarar an ɗan yi gudu, idan ya yi yawa gaban motar ja zai ɗaga, sitiyari ya yi sakwa-sakwa. Ba shi da sikeli. Ya tsaya daga gefe yana kallon yadda sifirin ɗin Hilux ke kwanciya, yana yi wa ɗan yayan nawa alama da hannu.

"Ƙaro kaɗan. Ƙaro. Tsaya nan."

Ya ɗaure ƙafafun huɗu, ya gicciya sarƙoƙi biyu a ƙarƙashin ƙugiya, ya sa yaronsa ya taka birki ya ga ko fitilun tirela na kamawa. Ɗaya ba ta kama ba. Ya zauna a ƙasa da tocila a baki yana bin wayar, ya ce babu mai tashi daga nan sai ta kama, ko da za a kai isha'i.